Kamfen ko maltifileya a Call of Duty, wanne zan bi?

Wani ƙanina ne ya turo tambaya, ya ce ya sayi PS4 na hannu kuma yana so ya fara Call of Duty, gem ɗin nan na yaƙi da harbi, amma ya rikice, wasu na ce mishi kamfen ne daɗin gem ɗin wasu kuma na cewa ɓata lokaci ne ya tafi maltifileya kai tsaye, wato wasa da sauran mutane ta intanet, gashi unguwarsu wuta sai a hankali, data kuma da kuɗin aljihunshi yake saya. Wanne zai bi, kuma wane faifai zai nema?

Toh ƙanina, abun da nake so ka fara riƙewa shi ne waɗannan biyun gem biyu ne daban aka zuba a kwali ɗaya. Bindigogin iri ɗaya ne, maɓallan da kake dannawa iri ɗaya ne, amma daga nan zumuncin ya ƙare. Ni tun Call of Duty 4: Modern Warfare na 2007 nake wannan harka, na kuma yi shekaru ina kula da gidan gem, kuma sau ba adadi na ga yaron da ya gama kamfen a mataki mafi wuya yana ta cika baki, ya shiga onlayin aka kashe shi sau ashirin shi ko uku bai kashe ba, ya ajiye fad, wato abun dannawa na hannu, ya ce gem ɗin ya lalace. Ba lalacewa ya yi ba, wani wasan ka shiga daban.

Bari in fara da kamfen. Ba kamfen ɗin 'yan siyasa ba mai rabon atamfa da taliya, a nan ana nufin ɓangaren labari, kai kaɗai da kwamfuta. An rubuta labari kamar fim, an baka soja ɗaya ko biyu ka zama su, ana tafiya da kai daga wannan aiki zuwa wancan. Yawanci awa biyar zuwa takwas ka gama. Komai an tsara shi tun kafin ka kunna, inda bam zai tashi, inda jirgi zai faɗo, ƙofar da ba za ta buɗu ba sai kyaftin ya zo ya buga ta da ƙafa. Shiyasa masu sukar shi ke cewa ai layi ne kawai aka ja maka kana bi, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai in an iya jan layin yana da daɗin da maltifileya ba zai taɓa baka ba.

Misalin da kowa ke kawowa, ni ma shi zan kawo don har yau ban ga wanda ya kai shi ba, shi ne All Ghillied Up a Modern Warfare na farko. Labarin ya koma baya zuwa 1996, kai ne Price, ɗaya daga cikin jaruman gem ɗin, lokacin yana laftanar, kana bin wani Kyaftin MacMillan a garin Pripyat na Yukren, garin nan da aka kwashe mutanenshi bayan tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a 1986. Kun sa kaya masu kama da ciyawa, ku biyu rak, kuma kusan duk aikin ba a so ka yi harbi. Akwai inda za ku kwanta a cikin ciyawa rundunar sojoji da motocin yaƙi su zo su wuce ta gefen kanku, in ka motsa yatsa kaɗan an ganka. Wallahi ranar da na fara buga wajen nan sai da na lura na riƙe numfashina ni da ke zaune a ɗaki. Aikin da ke biye kuma kana saman wani otel da babbar bindigar sinaifa, sai ka lissafa iska kafin ka harbi Imran Zakhaev daga nesa, hannunshi kawai ya fita bai mutu ba, sannan ka ɗauki MacMillan a kafaɗa bayan ya ji ciwo ka kai shi gindin wani katon lilo kuna jiran jirgi mai saukar ungulu ana ta turo muku sojoji da karnuka. Irin wannan saukar da gaba da ɗaga ta ba za ka samu a onlayin ba, saboda can babu mai tsara maka lokacin shiru da lokacin hayaniya, mutum goma sha biyu ne kowa na gudun kanshi.

A gem ɗin dai akwai inda sojan Amurka da kake riƙe da shi, Sajan Paul Jackson, nukiliya ta tashi da su, aka barka ka rarrafo daga cikin tarkacen jirgi ka yi 'yan taku ka mutu, babu abun da za ka iya yi. A 2007 wannan baƙon abu ne, mun saba jarumi baya mutuwa. Yi haƙuri na ɗan tona maka labari, amma gem ɗin ya kusa shekara ashirin, laifin ba nawa bane. Na Modern Warfare 2 na 2009 dai ba zan faɗa maka abun da Janar Shepherd ya yi ba, ka je ka gani da idonka ka ji haushin da muka ji.

Matakan wuya guda huɗu ne a tsofaffin, Recruit, Regular, Hardened da Veteran. Shawarata ka fara da Regular, ka bar girman kai. Veteran ba wayo abokan gaba ke ƙarawa ba, saiti kawai suke ƙarawa da yawan gurneti, harsashi biyu uku ka faɗi. Wanda ya buga World at War na 2008 a Veteran ya san zancen, gurneti ke sauka kamar ruwan Agusta. Kuma wani sirri na tsofaffin kamfen, a wurare da yawa sojojin basa ƙarewa, in ka laɓe bayan bango kana harbi har gobe za a yi ta turo sababbi, sai ka matsa gaba ka tsallake wani layi da baka gani kafin su tsaya. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa su ɗauka basu iya harbi ba alhali tsoron matsawa ne matsalar.

Toh amma akwai abun da zan gaya maka kan labaran nan don kar ka shiga ido rufe. Kamfanin Amurka ne ke fitar da su, Activision, kuma da idon Amurka da Ingila ake bada labarin. Mugu yawanci ɗan Rasha ne ko ɗan wata ƙasar Gabas ta Tsakiya, wani lokaci ta ƙirƙira. A Modern Warfare na 2019 sun ƙirƙiro ƙasa mai suna Urzikstan da wata kwamanda Farah Karim, sun sa wata hanya da suka kira Highway of Death suka ce Rasha ce ta yi wa masu gudu ruwan bama-bamai a kai, alhali hanyar da duniya ta sani da wannan suna ita ce wadda ta tashi daga Kuwait zuwa Basra, inda jiragen Amurka da ƙawayenta suka ragargaji ayarin sojojin Iraƙi masu janyewa a 1991. An yi ta cece-kuce a kai sosai. Black Ops 2 na 2012 ya buɗe ne a Angola ta 1986 tare da Jonas Savimbi shugaban 'yan tawayen UNITA, har 'ya'yanshi suka kai ƙara a Faransa kan yadda aka nuna ubansu. Manuel Noriega na Panama ma ya kai ƙara kan wannan gem ɗin a 2014 kotu ta yi watsi da ita. Modern Warfare 3 na 2011 ya leƙo Saliyo da Somaliya, kuma in ka ga yadda aka zana Afirka a ciki za ka yi tsaki, bukkoki da 'yan bindiga kawai. Sannan sau biyu da na sani sun taɓo addini suka bada haƙuri, a 2012 sun cire wani filin maltifileya mai suna Favela na ɗan lokaci saboda an samu rubutu mai ɗauke da sunan Allah a jikin firam ɗin hoto a cikin banɗaki, a 2021 kuma an ga shafukan Alƙur'ani a ƙasa a ɓangaren Zombies na Vanguard, wato inda ake yaƙi da gawarwaki masu tafiya, suka cire suka nemi afuwa. Ba cewa nake kar ka buga ba, ni ma ina bugawa, amma ka ɗauke shi a matsayin fim ɗin yaƙi, kar ka koyi tarihi a wajenshi. Kuma na manya ne, yawanci shekara 18 ake rubutawa a kwalin, akwai No Russian a Modern Warfare 2 inda ake harbe fararen hula a filin jirgin sama na Mosko, har gem ɗin da kanshi yake tambayarka ko kana so ka tsallake. In akwai ƙananan yara a gida ka san lokacin da za ka kunna.

Yanzu maltifileya. Nan babu labari, babu jarumi, fili ne aka zuba ku yawanci shida da shida, minti goma ko ƙasa da haka an tashi an sake sabo. Team Deathmatch shi ne mafi sauƙin ganewa, ɓangaren da ya fi kisa ya ci. Domination tutoci uku ne A da B da C ana ƙwace, kuma duk rigimar a B take ƙarewa, in kaga mutum yana da kisa talatin amma bai taɓa taka tuta ba toh shi ne ya jawo muku faɗuwa ko da sunanshi na sama. Hardpoint wuri ɗaya ne ake riƙewa yana canzawa lokaci lokaci. Kill Confirmed da aka kawo a 2011 sai ka je ka ɗauki lambar wuyan wanda ka kashe kafin a lissafa maka. Sai Search and Destroy wanda ni a wajena shi ne gem ɗin gaske, ɓangare ɗaya na dasa bam ɗaya na karewa, rai ɗaya gareka a kowane zagaye, in ka mutu sai ka zauna kana kallon abokanka suna yin shirme baka da ikon komai sai ihu a makirfo.

Abun da ya sa mutane ke maƙale wa maltifileya shekara da shekaru, Modern Warfare na 2007 ne ya kafa shi. Kana samun maki kana hawa mataki har 55, kowane hawa ana buɗe maka sabuwar bindiga ko wani ƙarin iko, ka haɗa kayanka yadda kake so. Ka kashe uku a jere baka mutu ba a baka jirgin leƙen asiri ya nuna maka inda suke, biyar a baka jiragen da za su yi ruwan bam, bakwai a baka jirgi mai saukar ungulu. In ka kai ƙarshe kuma a ce ka yarda a ƙwace komai ka koma farko don a canza maka 'yar alama kusa da sunanka, wato Prestige, kuma mu da hankalinmu muka yi ta yarda har sau goma. Modern Warfare 2 ya ƙara da nukiliya, kisa 25 a jere ka danna wasa ya ƙare kowa ya mutu. Duk abun da ka gani yau a Call of Duty: Mobile na waya da su Warzone, wanda ake zuba taron mutane a fili ɗaya, jikokin wannan tsarin ne. Filayen ma har yau su ake ta dawo da su, Shipment ɗan ƙaramin fili mai kwantena inda kake tashi a kashe ka kafin ka gyara zama, Crash, Rust, da Nuketown na Black Ops 2010.

Ga dalilin da yasa na ce kamfen baya koya maka wannan. Sojan kwamfuta yana leƙowa daga wuri ɗaya sau uku a jere, yana jiranka, baya zagayowa ta bayanka sai in an rubuta mishi. Ɗan adam kuwa yana jin takunka a hedfon, ya san inda za ka fito saboda ya haddace filin kamar tsakar gidansu, yana tsalle yana zamewa a ƙasa yana harbi. A kamfen ka saba in jini ya rufe allo ka laɓe ka huta ka warke, a onlayin tsakanin harsashin farko da faɗuwarka bai kai rabin daƙiƙa ba. Abun da kamfen zai baka kawai shi ne hannunka ya saba da fad, ka san maɓallin canza harsashi da na jifan gurneti ba tare da ka kalli ƙasa ba. Wannan ma ba ƙaramin abu bane ga sabon shiga, amma iyakarshi kenan. Sauran, wato sanin fili, kallon ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo, sanin inda abokan gaba za su sake tashi, riƙe tsallen bindiga, ajiye saiti daidai tsayin ƙirji kafin ma ka ga mutum, sai an kashe ka sau ɗari ɗari kafin su zauna.

Sai babbar magana, wadda masu yin bidiyon gem daga Turai basa taɓa kawowa saboda ba damuwarsu bace, netwok. Mutane na ɗauka in intanet ɗinka na saukar da fim da sauri toh zai yi gem. Ba haka bane. Gem ba yawan data yake nema ba, saurin zuwa da dawowa yake nema, shi ne abun da 'yan gem ke kira fing, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Duk harbin da ka yi sai saƙo ya tafi sabar, wato babbar kwamfutar da ke haɗa wasan, sabar ta yanke hukunci ta dawo maka da amsa. Wanda ke zaune a Landan ko Frankfurt kusa da sabar yana iya samun 20, kai da ke Kano ko Zinder in aka jefa ka sabar Turai ka ga ɗari da wani abu ka gode Allah, saboda saƙon sai ya gangara bakin teku ya bi waya ta ƙarƙashin ruwa ya je ya dawo, kuma wannan tazarar babu kuɗin da zai goge ta. Shiyasa za ka ga ka riga ka shige bayan bango amma ka faɗi, in aka nuna maka yadda aka kashe ka sai ka ga a allon wancan kana tsaye a fili baka ma fara gudu ba. Ba maguɗi ya yi ba, a wajen sabar labarinshi ne ya fara isa. Abun da ya fi fing mai yawa muni kuma shi ne fing mai rawa, yanzu 110 anjima 300, shi ke sa ka ga mutane na ɓacewa suna bayyana kamar aljanu. In za ka iya jona PS4 ɗin da kebul zuwa rawuta, wato na'urar intanet ta gida, ka yi, ya fi wayafai nesa ba kusa ba, kuma ka roƙi 'yan gida su sassauta kallon bidiyo lokacin. Ni mafi kyawun wasannin da na yi duk bayan sha biyun dare ne da kuma bayan asuba, lokacin da layi ya yi sanyi.

Ita datar kuma ba wasan ne ke cinye ta ba, ofdet ne, wato sabuntawar da ake sa ka sauke. Awa ɗaya na maltifileya bai kai awa ɗaya na kallon bidiyo cin data ba. Amma ka kunna wata rana a ce sai ka sauke giga 20 ko 30 kafin a barka ka shiga, kuma babu roƙo. Modern Warfare na 2019 da Warzone a tare sun taɓa wuce giga 200 a kwamfuta, kai kuma PS4 ɗinka wataƙila mai giga 500 ne. Akwai kuma wani saiti a sababbin da ke sauke kyawun hoto daga intanet kana cikin wasa, wannan ka shiga ka rage shi iya yadda aka yarda, in ba haka ba zai sha maka data a ɓoye kamar tulu mai yoyo. Kar ka manta a PS4 sai ka biya PlayStation Plus, wato kuɗin rajistar onlayin, kafin ka buga maltifileya onlayin, banda gem na kyauta irin Warzone. A PS3 da muka taso da shi kyauta ne, wannan zamanin ya wuce.

Ga kuma wuta. Kamfen yana ajiye maka inda ka tsaya duk bayan 'yan mintuna, in an ɗauke wuta ka yi salati ka jira, in ta dawo ka ci gaba daga kusa da wajen. Yawanci kana iya tsayar da shi in an kira sallah ko Hajiya ta ƙwala maka kira ta aike ka. Maltifileya babu tsayarwa, in ka tashi sojanka na nan tsaye ana ta cin banza da shi, in wuta ta tafi an cire ka kenan, kuma a wasan ranki, wato na neman matsayi, har hukunci ake yi maka a rage maka maki kamar da gangan ka gudu. Na taɓa kaiwa kisa 23 ina neman nukiliya, hannuna na rawa, fanka ta tsaya allo ya yi baƙi. Ban yi wa kowa magana ba har washegari.

Saboda haka zancen faifai, a nan ne za ka yi hattara don a nan ake cutar sababbi, ba ma don mai shago mugu bane, shi ma sau da yawa bai sani ba. Black Ops 4 na 2018 bashi da kamfen kwata kwata, maltifileya ne da Zombies da Blackout mai kama da Warzone, in ka saye shi babu netwok ka sayi abun da rabinshi a kulle yake. Modern Warfare II na 2022 faifan kusan fanko ne, abun da ke kai bai kai mega 100 ba, duk gem ɗin sai ka sauke. Black Ops 6 na 2024 ko kamfen ɗinshi sai da intanet a jone. Modern Warfare III na 2023 kamfen ɗin gajere ne ƙwarai, mutane na gama shi a awa uku zuwa huɗu, kuma an ɗebo wuraren Warzone an cusa an ce aiki ne, ni dai ban ga abun biyan kuɗi a ciki ba in labari kake nema. Ta ɗaya gefen kuma Modern Warfare 2 Campaign Remastered na 2020 kamfen ne zalla babu maltifileya, kuma sauke shi ake yi daga shagon PlayStation. Ko a gidan maƙwabta haka abun yake, Battlefield 2042 na 2021 ya fito babu labari sam, alhali Battlefield 1 na 2016 yana da gajerun labarai na yaƙin duniya na ɗaya masu kyau.

Kar ka yi mamakin yadda kamfen ke ta ƙanƙancewa. Kamfen sau ɗaya ake sayar maka da shi, ka gama a kwana biyu ka ba abokinka aro. Maltifileya kuwa shago ne da baya rufewa, kowane zango akwai Battle Pass, wato tikitin da kake saya don buɗe kyaututtuka, akwai kayan sawa da fentin bindiga da ake saye da COD Points, wato kuɗin cikin gem. Warzone da ya fito a Maris 2020 kyauta aka bada shi, mutum 150 a fili ɗaya, Call of Duty: Mobile na Oktoba 2019 ma kyauta kuma an sauke shi sau miliyan 100 a satin farko, babu kamfen a ko ɗaya, kuma ba sadaka suke yi ba. Microsoft da ta sayi Activision Blizzard a 2023 kan kusan dala biliyan 69 ba don labarin Kyaftin Price ta biya ba. Fentin bindiga baya ƙara maka saiti, ka riƙe wannan, na ga samari sun zuba kuɗin da zai sayi buhun shinkafa a kan juya sa'a a Mobile don bindiga mai walƙiya kuma ana kashe su yadda aka saba.

Wani abu da zai baka mamaki in ka fara onlayin, za ka yi wasa biyu masu kyau ka ji kai ne sarki, na uku a haɗa ka da wasu da ko ganinsu baka yi sai dai ka ga ka faɗi. A yawancin Call of Duty tsarin haɗa 'yan wasa ne ke duba ƙwarewa. Activision da kanta ta fitar da bayani a 2024 cewa ingancin layi ne kan gaba amma ƙwarewa na cikin lissafi, kuma sun gwada sassauta shi sai suka ga mutane sun fi barin wasa. Tsofaffin hannu na ƙorafi a kai kullum, amma kai sabon shiga shi ne garkuwarka, ba don shi ba da 'yan shekara goma a harkar za a dinga haɗa ka daga ranar farko.

Akwai hanya ta uku da mutane ke mantawa, kuma ita ce ta fi dacewa da irin yanayinka, maltifileya ba tare da intanet ba. Tun Black Ops na 2010 aka fara sa bot, wato 'yan wasan kwamfuta da ke yawo a filin maltifileya kamar mutane. A Black Ops 3 na PS4 kana iya buɗe wasa na cikin gida ka zuba bot ka zaɓi ƙarfinsu, ka raba allo da abokinka, ku buga duk filin da kuke da shi ko mega ɗaya bata tafi ba. A nan za ka haddace fili ka gwada bindigogi babu mai zaginka. A gidan gem ɗinmu da, Modern Warfare 2 a allo ɗaya mutum huɗu, kowa da ɗan murabba'inshi, shi ne ya fi kawo ciniki bayan ƙwallo, kuma rigimar kullum ɗaya ce, wane yana leƙen ɓangaren wane. Har kwali muka taɓa mannawa a tsakiyar talabijin.

In ni ne kai da wannan PS4 da wannan wuta, Modern Warfare Remastered zan fara nema, shi ne na 2007 ɗin aka sabunta hotonshi a 2016, ka buga kamfen ɗin a Regular ka more. In kana son yaƙin duniya na biyu ka ƙara da Call of Duty: WWII na 2017, ya fara daga saukar Normandi kuma a kamfen ɗinshi jini baya dawowa da kanshi sai ka nemi akwatin magani, wannan zai koya maka taka tsantsan. Sai Black Ops 3 don bot da raba allo da Zombies, duk da kamfen ɗinshi na zamanin gaba ne mai mutum-mutumi kuma labarin ya rikita ni har yau. Ƙishirwar onlayin kuma ka kashe ta a waya da Call of Duty: Mobile, biyar da biyar ne, wasa ɗaya 'yan mintuna, batirin waya baya jiran wutar unguwa, kuma a nan za ka gane ko layinka zai iya kafin ka sa kuɗi a PlayStation Plus. In kaga lambar fing a kusurwa tana zaune wuri ɗaya bata rawa, toh sai a fara zancen babban allo.

Kuma ranar da za ka je sayen faifan, ka sa mai shago ya saka shi a nashi PS4 ɗin ya cire intanet a gabanka, ya shiga kamfen har ka ga soja ya fara tafiya, sannan ka juya bayan faifan a haske ka duba karce kafin ka ciro kuɗi.